Rodiyo: Haƙƙin masu tare bijimi da amanar masu riƙe makirufo

A dare na tara na babbar gasar ƙarshen shekara ta wasan rodiyo, wadda aka yi a birnin Las Vegas na Amurka cikin Disamban 2021, wani mahayi ya faɗo daga kan bijimi. Dusty Tuckness, wanda aikinsa shi ne shiga tsakanin dabbar da wanda ya faɗi, ya kutsa domin ya janye hankalin bijimin. Bijimin ya taka shi, ƙasusuwa biyu na ƙwaurinsa suka karye a gaban dubban 'yan kallo.

Tuckness ba ya cikin masu neman kambu a wannan dare. Alƙalai ba su da makin da za su ba shi, kuma abin da zai koma gida da shi bai wuce kuɗin da aka yi yarjejeniya da shi tun farko ba. Duk da haka, sau goma a jere, daga 2010 zuwa 2019, aka zaɓe shi a matsayin gwarzon masu tare bijimi na shekara. Bayan tiyata da jinya, ya koma fage a shekarar da ta biyo baya.

Labarinsa ya taɓo wani ɓangare na wannan wasa da ba a cika waiwaya ba. Idan ana maganar rodiyo, mahaya ake gani a hotuna da tallace-tallace. Amma akwai wasu mutane da in babu su wasan ba zai yiwu ba: masu tare bijimi, masu barkwanci da ke shiga ganga, da masu sanarwa da ke riƙe da makirufo. Suna bin masu shirya wasan bashin kulawa da ya wuce tafi da lambar yabo, su ma kuma 'yan kallo na bin su bashin gaskiya da kame baki.

Asalin wasan

Kalmar rodiyo ta fito ne daga harshen Sifaniyanci, inda take nufin kewaye shanu a tara su wuri guda. Wasan ya samo asali daga aikin makiyayan Meziko da na yammacin Amurka, waɗanda masu kallon finafinai suka sani da kaboyi. Bayan sun gama aiki sukan gwada wa ya fi iya zama a kan doki marar horo, wa ya fi saurin kama maraƙi da igiya. Sannu a hankali abin ya zama biki na garuruwa. Garin Prescott na jihar Arizona yana yin nasa tun 1888, Cheyenne a jihar Wyoming tun 1897, Calgary a ƙasar Kanada tun 1912, sai Houston a jihar Texas tun 1932.

A yau babbar ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, wato PRCA, mai hedikwata a Colorado Springs, tana sa ido kan wasanni fiye da 600 a kowace shekara. Gasar ƙarshen shekara da ake kira NFR an fara ta a Dallas a 1959, aka mayar da ita Las Vegas a 1985, kuma dare goma ake yi ana fafatawa.

Hawan bijimi shi ne mafi haɗari a cikin wasannin. Mahayi zai riƙe igiyar da aka ɗaura a ƙirjin dabbar da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma a sama, ba zai taɓa bijimin ko jikinsa da shi ba. Sai ya yi daƙiƙa takwas kafin a ba shi maki. Makin 100 ne, rabi na mahayi, rabi na bijimi gwargwadon yadda ya yi tutsu. Nauyin irin waɗannan bijimai kan kai kilo 700 zuwa 900.

Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho da mahauta ke yi a ƙasar Hausa, ko ya ji yadda sanƙira ke zuga 'yan dambe, ba zai sha wahalar gane tsarin ba, ko da yake wasannin ba su haɗa tarihi ba. A can ma, kamar nan, akwai gwarzon da ke tsakiyar fage, akwai kuma waɗanda ke kewaye da shi suna riƙe da igiya da kalangu da murya.

Yadda barkwanci ya koma ceton rai

Da farko aikin mai barkwanci a rodiyo bai wuce ɗebe wa 'yan kallo kewa ba. Tsakanin wasa da wasa akan samu jinkiri, ana shigar da dabbobi keji ko ana gyara fili, sai a turo wani da fuska a shafe da fenti da wando burgujeje ya ba mutane dariya don kada su watse.

Abin ya sauya a shekarun 1920, lokacin da aka fara shigo da bijimai masu jinin Birahma, irin shanun nan masu tozo da asalinsu Indiya, dangin shanun da aka sani a Afirka ta Yamma. Doki idan ya yar da mahayi yakan yi gaba abinsa. Waɗannan bijimai kuwa sukan juyo su nemi wanda ke ƙasa. Dole aka nemi wanda zai ja hankalinsu, kuma mai barkwanci ne ke tsaye a fili, don haka aikin ya faɗa kansa.

Wani mai suna Jasbo Fulkerson ake danganta wa dabarar shigo da ganga cikin fage. Ganga ce irin ta mai, a buɗe sama da ƙasa, an yi mata shimfiɗa mai taushi daga ciki. Mai barkwanci kan shige ciki ya dunƙule, bijimi ya tunkuye ta ta gangara da shi. Ga mahayin da ya faɗi a tsakiyar fili, nesa da shinge, gangar ita ce mafakarsa.

Daga baya aikin ya rabu gida biyu. Wick Peth, ɗan jihar Washington, yana cikin waɗanda suka nuna cewa tare bijimi sana'a ce ta 'yan wasan motsa jiki, ba sai an haɗa ta da ban dariya ba, kuma yana cikin rukunin farko da aka karrama a zauren tunawa da gwarazan rodiyo da aka buɗe a Colorado Springs a 1979. A yau masu tare bijimi biyu ko uku ne ke tsayawa kusa da keji, sanye da rigar kariya da takalma masu ƙusa irin na 'yan ƙwallo, mai ganga kuma yana can gefe da makirufo a kunne yana musayar raha da mai sanarwa.

Mai tare bijimi yana karanta dabbar tun kafin a buɗe keji: ta wane gefe take juyawa, ina mahayin zai faɗi. Idan hannun mahayi ya maƙale a igiya, bijimi na jan sa yana wujijjiga shi, ɗaya zai tsaya a gaban ƙaho ya riƙe hankalin dabbar, ɗayan kuma ya ɗare jikinta ya kwance igiyar.

Mutuwar Lane Frost ta nuna wa duniya cewa haɗarin bai ƙare da cikar daƙiƙa takwas ba. A ranar 30 ga Yulin 1989, a Cheyenne, wannan zakaran duniya na 1987 ya kammala hawansa, ya sauka cikin taɓo, bijimin ya juyo ya soke shi da ƙaho ya karya masa haƙarƙari. Ya rasu yana da shekara 25. Abokinsa Cody Lambert ne ya ƙirƙiro rigar kariyar da mahaya ke sawa a yanzu. Rigar na rage rauni, amma ba ta kawar da bijimi daga kan wanda ke kwance. Wannan har gobe aikin mutum ne mai ƙafa biyu.

Farashin da suke biya ba ƙarami ba ne. Rob Smets, wanda ya zama zakaran duniya sau biyar a gasar masu tare bijimi, sau uku yana karya wuya kafin ya bar fage a 2006. Mahaya sun fi kowa sanin darajar waɗannan mutane, shi ya sa su ne ke jefa ƙuri'ar zaɓen waɗanda za su tsare su a gasar Las Vegas.

Muryar da ke riƙe da taro

Aikin mai sanarwa ba shi da ƙaho a gabansa, amma nauyinsa ba ya kasa na sauran. A rodiyo, wasan kansa gajere ne ƙwarai. Hawa ɗaya daƙiƙa takwas ne, kama maraƙi ma bai fi haka da yawa ba, amma taron kan ɗauki awa biyu ko fiye. Abin da ke tsakani, muryar mai sanarwa ce ke cike shi.

Shi ne ke buɗe taro, galibi da addu'a da taken ƙasa. Shi ne ke faɗin sunan mahayi da garinsu da abin da ya ci a bana, da sunan bijimi da mai shi. Shi ne ke bayyana wa baƙo dalilin da ya sa aka ƙara wa wani daƙiƙa goma saboda ya riga maraƙi fita, ko aka ƙara wa wata daƙiƙa biyar saboda dokinta ya ture ganga a tseren mata. Shi ne kuma ke karanta sunayen kamfanonin da suka ɗauki nauyin taron. Wasu daga rumfa suke magana, wasu kuma a kan doki a tsakiyar fili.

Akwai wani abu da masu sanarwa kan tunatar da jama'a a kai a kai. Mahayi da kuɗinsa yake shiga gasa, idan ya faɗi kafin lokaci ba ya samun ko sisi, alhali ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Don haka sukan roƙi 'yan kallo su tafa masa, tunda tafin ne kaɗai zai koma da shi gida.

Sana'ar ta fitar da mutanen da sunansu ya kai na mahaya. Clem McSpadden na jihar Oklahoma ya haɗa sanarwa da siyasa, har ya zauna a Majalisar Wakilan Amurka daga 1973 zuwa 1975. Shi ne ya ba wata ɗaliba mai suna Reba McEntire damar rera taken ƙasa a gasar ƙarshen shekara ta 1974, daga nan ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan ƙasar. Bob Tallman, haifaffen jihar Nevada, ya shafe shekaru aru-aru muryarsa ce ake ji a Houston da Las Vegas. Hadley Barrett ya rasu a Maris na 2017 yana da shekara 87, kwanaki kaɗan bayan ya gama gabatar da wasan San Antonio.

Lokacin da aka fi gane ƙwarewar mai sanarwa shi ne idan an samu rauni. Mahayi na kwance ba ya motsi, likitoci sun shigo da gudu, iyalinsa wataƙila suna cikin 'yan kallo, ga yara ƙanana a kan kujeru. A wannan hali kalma ɗaya za ta iya kwantar da hankalin mutum dubu goma, wata kuma ta tayar da shi. Babu takardar da za ta gaya masa abin da zai faɗa a wannan lokaci.

Masu barkwanci ma ba a bar su a baya ba. Flint Rasmussen malamin lissafi da tarihi ne a wata makarantar sakandare a jihar Montana kafin ya ajiye alli. Sau takwas yana zama gwarzon mai barkwanci na shekara, sannan ya koma ƙungiyar mahaya bijimai ta PBR, inda ya mayar da aikin ya zama na rawa da waƙa da raha nan take da 'yan kallo. Ya samu bugun zuciya a 2009 yana da shekara 41, ya warke ya dawo, bai bar fage ba sai 2023. Lecile Harris kuwa ya rasu a Fabrairun 2020 yana da shekara 83, bayan ya gama wasa a birnin Jackson na jihar Mississippi.

Kuɗi ya shigo, ina kasonsu?

Rodiyo ya daina zama wasan ƙauye tun tuni. A 1992 mahaya bijimai 20 suka haɗa dala dubu ɗaya kowannensu suka kafa PBR. A 2003 ƙungiyar ta fara ba zakaranta na duniya kyautar dala miliyan ɗaya, a 2015 kuma babban kamfanin harkar nishaɗi na WME-IMG ya saye ta. Kuɗin da ake rabawa a gasar Las Vegas ya haura dala miliyan 10. Gidajen talabijin na nuna wasannin kai tsaye, kamfanonin tufafi da motoci da abin sha na rububin liƙa sunansu a kan keji.

Sai dai mafi yawan masu sanarwa da masu tare bijimi da masu barkwanci ba ma'aikatan kowa ba ne. 'Yan kwantiragi ne. Kwamitin gari ko mai kawo dabbobi ne ke ɗaukar su na kwana biyu ko mako guda, a biya su, su kama hanya zuwa wani gari. Mota da mai da kayan aiki duk a wuyansu suke. Ranar da ba su shiga fage ba, babu kuɗi.

A ƙasa irin Amurka, inda babu tsarin kiwon lafiya na kyauta ga kowa, kuma akasarin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Mai tare bijimin da ya karye a lokacin da wasanni suka fi yawa, ya yi asarar kakar shekara, ga kuɗin asibiti, ga iyali.

Gaskiya ne akwai wasu tanade-tanade. Ƙungiyoyin na da inshorar haɗari ga mambobinsu, ko da yake tana da iyaka. Kamfanin takalma na Justin na ɗaukar nauyin ayarin likitocin da ke bin manyan wasanni, kuma sama da shekara 30 ke nan akwai wani asusun agaji mai ɗauke da sunan kamfanin da ke tallafa wa waɗanda suka ji rauni su biya buƙatun gida. Wannan abin a yaba ne. Amma kasancewar sai an dogara da gudummawa da gwanjon kayan tarihi kafin a rufa wa wanda ya karye asiri, shi kansa shaida ne cewa akwai giɓi a tsarin.

Masu kare yadda abubuwa suke a yanzu na da hujjojinsu. Suna cewa babu wanda aka tilasta wa shiga sana'ar, manyan cikinsu na samun kuɗi mai kauri, kuma yawancin wasannin ƙananan garuruwa 'yan sa-kai ne ke shirya su, ba su da ƙarfin ɗaukar ƙarin nauyi. Akwai gaskiya a ciki. Dattawa irin Barrett da Harris da suka yi aiki har ƙarshen rayuwarsu, duk alamu sun nuna son abin ne ya riƙe su.

To amma ba a auna sana'a da mutum goma da ke samanta. A ƙasansu akwai ɗaruruwan matasa da ke tare bijimai a ƙananan filaye inda babu kyamara, kuma ƙahon da ke can bai fi na Las Vegas taushi ba. Batun cewa mutum ne ya zaɓi aikin da kansa, ai direban tanka da mai haƙar ma'adinai ma su suka zaɓa, amma hakan bai ɗauke wa masu cin ribar aikinsu nauyin kula da su ba.

Tarihin wasan ma ya goyi bayan wannan magana. A 1936, a birnin Boston, mahaya 61 suka sa hannu a takarda suka ƙi shiga fage, saboda kuɗin gasar da aka ware bai taka kara ya karya ba. Mai shirya wasan ya sauko, su kuma suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa sunan kunkuru, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama PRCA a 1975. Ƙungiyar da aka haifa daga neman haƙƙi ba ta da hujjar kau da kai idan waɗanda ke tsare ran mambobinta suka nemi nasu.

Makirufo amana ce

Haƙƙi na tafiya da nauyi. Wanda aka ba makirufo a gaban dubban mutane, aka kuma sakar masa fili ya faɗi abin da ya zo bakinsa, an ba shi iko babba, kuma an ga yadda ake ɓarnatar da shi.

A watan Agustan 2013, a bikin baje kolin jihar Missouri da ake yi a garin Sedalia, wani mai barkwanci ya fito sanye da abin rufe fuska mai kama da Shugaba Barack Obama, aka riƙa tambayar jama'a ta lasifika ko suna son ganin bijimi ya banke shi. Hotunan suka bazu a intanet. 'Yan siyasar jihar daga manyan jam'iyyu biyu suka yi tir da abin, hukumar bikin kuma ta haramta wa mai barkwancin sake yin wasa a can har abada. Wasu sun kare shi da cewa an saba yi wa shugabanni irin wannan ba'a. Amma a ƙasar da ke da tarihin taron jama'a suna shewa ana azabtar da baƙar fata, zuga taro a kan baƙar fata na farko da ya shugabance ta ba zai wuce a matsayin wasa kawai ba.

Abin ya ƙara muni idan aka tuna gudummawar baƙaƙen fata a wannan wasa. Bill Pickett, wanda aka haifa a Texas, shi ya ƙirƙiro wasan kayar da sa ta hanyar kama ƙahonsa. Myrtis Dightman da tare bijimi ya fara, kafin ya zama baƙar fata na farko da ya hau bijimi a gasar ƙarshen shekara a shekarun 1960. Charlie Sampson ya zama zakaran duniya a 1982. Leon Coffee ya shafe shekaru yana tare bijimi da shiga ganga a Houston, aka kuma karrama shi a zauren gwaraza a 2018. Fagen da waɗannan mutane suka zubar da jini a cikinsa bai kamata ya zama wurin da 'ya'yansu za su ji kunyar zama ba.

Amana ta biyu ta shafi dabbobi. Masu rajin kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna sukar rodiyo, musamman kama maraƙi da igiya da kuma ɗamarar da ake ɗaura wa doki ko bijimi a kwiɓi don ya ƙara tutsu. PRCA na cewa tana da dokoki kan kula da dabbobi, ciki har da wajabcin samun likitan dabbobi a wurin wasa. Duk da haka ana samun asara. A 2019, dawakai shida suka mutu a tseren keken doki da ake yi a bikin Calgary.

Ɗaya daga cikin zarge-zargen da masu sukar ke yi shi ne, idan dabba ta ji rauni, sai a ƙara sautin kiɗa, mai barkwanci ya ja idon jama'a zuwa wani gefe, mai sanarwa kuma ya ba da tabbacin cewa komai lafiya tun kafin likita ya duba. Kwantar da hankalin taro aiki ne mai kyau. Faɗin abin da ba a tabbatar ba kuwa yaudara ce, kuma a zamanin da kowa ke riƙe da waya mai kyamara, yaudarar ba ta kwana.

A Birazil, inda garin Barretos na jihar Sao Paulo ke yin babban bikin rodiyo tun 1956, an yi wani shahararren mai sanarwa da ake kira Asa Branca, wanda ya yi tashe a shekarun 1990 da salon sauka cikin fage da makirufo marar waya. A ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 2020, ya fito fili ya nuna nadama kan wahalar da dabbobi ke sha a wasan da ya yi suna a cikinsa. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, maganar ta fito ne daga bakin wanda ya fi kowa sanin abin da ake faɗa wa 'yan kallo da abin da ake ɓoye musu.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, ya kamata manyan ƙungiyoyin biyu, PRCA da PBR, su ware wani kaso sananne daga kuɗin talabijin da na tallace-tallace domin asusun dindindin na ma'aikatan fage. Asusun ya riƙa biyan wanda ya ji rauni wani abu a kowane wata har ya warke, a matsayin haƙƙinsa, ba sai ya rubuta takardar neman taimako ba. Idan aka tara kuɗin daga sama, nauyin ba zai faɗa kan kwamitocin ƙananan garuruwa ba.

Na biyu, a tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya mai tare bijimi a duk wasan da ƙungiya ta amince da shi, a kuma hana rage yawansu don tsimin kuɗi. A tabbatar duk wanda zai tsaya a gaban keji ya samu horo, kuma akwai motar asibiti a wurin kafin a saki bijimi na farko, a babban birni ne ko a ƙauye.

Na uku, a samar da tsarin ajiya na tsufa ga waɗanda suka shafe shekaru a fage. Mai tare bijimi ba ya daɗewa yana gudu a gaban dabba, gwiwa da wuya ba sa bari. Wanda ya yi sa'a yakan koma ganga ko makirufo, saura kuma sai su nemi wata sana'a da jikin da ya riga ya lalace.

Na huɗu, su kansu masu sanarwa da masu barkwanci su rubuta wa kansu ƙa'idojin aiki, kafin wani abin kunya ya sa a rubuta musu. Ƙa'idojin su hana ba'a da launin fata ko addini ko asalin wani, su kuma hana mai sanarwa ba da rahoton lafiyar mutum ko dabba har sai likita ya yi magana. Idan dabba ta mutu, kwamitin wasa ya sanar da jama'a da bakinsa.

'Yan kallo ma na da rawar takawa, har da masu kallon gajerun bidiyon hawan bijimi a waya daga nesa. Kuɗin tikiti da yawan masu kallo su ne ke jawo kamfanoni, kamfanonin kuma na jin maganar masu sayen kayansu. Duk wanda ya sake ganin bidiyon mahayi ya tashi da gudu ya haye shinge lafiya, ya mayar da shi baya kaɗan, ya duba wanda ya tsaya a gaban bijimin har mahayin ya samu wannan damar.